Wace allurar rigakafi zan yi kafin in shiga ɗakin marasa lafiya?

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya a nan Damagaram ce ta aiko da tambaya. Ta ce: "Baba Majo, nan da wata biyu za a tura mu koyon aiki a ɗakunan marasa lafiya. Wasu sun ce sai mun yi rigakafi, wasu sun ce wanda aka yi mana muna yara ya isa. Wanne ne ba makawa? Kuma wanda aka kwantar a asibiti, ana yi masa rigakafi ne, ko sai ya warke?"

Ɗiyata, ki fara da allurar ciwon hanta nau'in B, kuma a cikin wannan mako. Sauran duk za mu zo kansu, amma wannan ce ba ta jira.

Masu cewa rigakafin yarinta ya isa, ki tambaye su shekarar haihuwarsu. Allurar Penta, wadda ke ɗauke da maganin ciwon hanta a cikinta, sai a 2008 ta shiga jerin rigakafin yara a Nijar. Duk wanda aka haifa kafin nan, ko uwarsa ba ta taɓa fashin ranar awo ba, bai samu wannan kariya ba. Wanda aka haifa daga baya kuma, sai karne, wato littafin rigakafinsa, ya nuna an yi masa Penta har sau uku. Maganar baki, "an yi mini duka", ba ma rubuta ta a matsayin shaida.

Ɗalibai da yawa sida suke tsoro, kuma ban hana su ba. Sai dai idan allurar da ta shiga jikin mai sida ta soke ki, kusan mutum 3 cikin 1000 ne ke kamuwa. Idan ta mai ciwon hanta nau'in C ce, kusan 2 cikin 100. Ta mai nau'in B kuwa, tana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda ba a yi wa rigakafi ba. Ƙwayar tana da taurin rai, tana yin mako guda a busasshen jinin da ya ɗiga kan tebur ko almakashi, ba ta mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 65 ne ke ɗauke da ita a yankinta na Afirka, kuma yammacin Afirka na cikin wuraren da ta fi yawa. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Tsohuwar da aka kawo da karayar ƙugu, ko matashin da babur ya kayar a hanyar Mirya, babu abin da zai nuna miki a fuskarsu. Saboda haka a wurinmu kowane jini abin kiyayewa ne.

Allurar rigakafin hanta sau uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sannan wata shida daga ta farko. A damtse ake yin ta, cikin tsokar kafaɗa. Kada ki yarda a yi miki a ɗuwawu, don kitsen wurin yana rage mata ƙarfi. Da wata biyun da ya rage miki za ki samu biyu kafin ki shiga ɗaki. Ba su cika kariya ba, amma sun fi babu nesa ba kusa ba. Idan ranar ta biyu ko ta uku ta wuce, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Ya fi kyau a ɗebi jininki a labo a yi gwajin AgHBs, wanda ke nuna ko ƙwayar tana jikinki, kafin allurar farko. Idan an riga an yi allurar, ki bari wata ya zagayo kafin gwajin, domin a makonnin farko allurar kanta kan sa gwajin ya nuna kamar akwai cutar, alhali babu. Na ga yarinyar da ta kwana tana kuka a kan irin wannan sakamako. Idan kuwa gwajin ya tabbatar da gaske kina ɗauke da ita, allura ba ta da abin da za ta ƙara miki. Bibiya kike buƙata wurin likita, a riƙa duba hantarki, a ba ki magani irin tenofovir idan ya kama. Wannan ba ya hana mutum aikin jinya, kuma sirrinki ne, ba labarin ɗakin hutu ba. Rashin kuɗin gwaji kuma kada ya sa ki ɗage allurar. Ba ta cutar da mai ɗauke da ƙwayar.

Akwai gwaji na biyu da kusan kowa ke tsallakewa. Wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku, ana auna garkuwar da jiki ya yi. Idan lambar ta kai 10 ko ta wuce, kin samu kariya, ki adana takardar nan kamar takardar shaidar karatunki. Mutum 5 zuwa 10 cikin 100 jikinsu ba ya amsawa a zagayen farko, sai a sake musu wasu uku. Wanda bai auna ba yana yawo ne da zato.

To, ranar da allura ta soke ki fa? Ina cewa ranar da, don kusan babu wanda ya daɗe a aikin nan bai gamu da ita ba. Yawanci ga yadda take faruwa: dare ya raba, wuta ta ɗauke, mai jinya na haska miki da fitilar waya, yaro na fizge-fizge kina neman jijiya. Kin gama, kwalin zuba allura yana can ƙarshen ɗaki, sai ki ce bari ki mayar da murfin da hannu biyu. Nan take shiga yatsa. Kada ki taɓa mayar da murfi. Ki jawo kwalin kusa da gado tun kafin ki fara, kuma idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi, ba a danna shi da hannu don a samu wuri.

Idan ta faru, ki wanke wurin da ruwa da sabulu nan take. Kada ki matse, kada ki tsotsa. Ki je wurin majo ko likitan da ke gadi a wannan daren, ba da safe ba. Ɗalibai kan ɓoye don tsoron faɗa ko rage maki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a gwada jinin marar lafiyar. Maganin kariya daga sida yana aiki sosai idan an fara cikin awowin farko, bayan awa 72 ba shi da amfani, kuma kwana 28 ake sha. Wadda ba ta da rigakafin hanta ana so a yi mata allurar cikin awa 24, a haɗa da ruwan garkuwa na musamman idan ya samu. Shi wannan yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Wadda ta yi ukunta ta auna, ta wannan fuska ba ta da abin nema.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: idan ana maganar ma'aikatan asibiti, sai a ƙirga masu farar riga a tsaya. A wani wuri da na yi aiki, an taɓa kawo allurar hanta aka rubuta sunayen likitoci da ungozomomi, aka bar mai shara da mai wankin zannuwan ɗakin haihuwa da dattijon da ke ƙona shara a bayan katanga. Su ne kuwa ke tura hannu cikin bokitin da wani ya jefa allura tsirara. A nawa ganin, duk wanda hannunsa ke taɓa jini ko sharar asibiti, har direban motar ɗaukar marasa lafiya da mai wankan gawa, ya kamata a yi masa tun ranar da ya kama aiki, kuma wurin aikin ne ya dace ya biya. A Faransa tun 1991 doka ta wajabta wannan allura ga ma'aikatan lafiya, har da ɗalibansu. Ke dai kada ki jira wata takarda ta tilasta miki.

Ta biyu ita ce Td, ta sarƙewar haƙora da mashaƙo. Ana sabunta ta duk shekara 10. Da yawa sun ɗauka mashaƙo ya zama tarihi, sai ga shi ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, a 2023 kuma ya bayyana a Matamaye. Mai duba maƙogwaron yaro da fitila, fuskarta ce a gaban tarinsa. Idan aka tura ki ɗakin masu mashaƙo kuma allurarki ta ƙarshe ta haura shekara 5, ki karɓi ƙari, ki sa takunkumi. Ki gaya wa samarin ajinku ma. Mata kan samu Td a wurin awon ciki, namiji kuwa tun ta jarirantaka sau da yawa ba wanda ya sake waiwayarsa.

Ƙyanda allura biyu take so. Idan karne bai nuna biyu ba, a cike. Babu cutar da ta kai ta saurin yaɗuwa a ɗaki: mai ita ya fita, ƙwayar tana nan cikin iska har awa biyu, kuma yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. Ma'aikaciyar da ta kamu, kafin ta gane ta zaga gadajen jarirai duka. Idan allurar haɗe take da ta rubela, ya fi ma, don rubela tana nakasa ɗan tayi. Amma mai ciki ba a yi mata, kuma wadda aka yi wa ta bari wata guda kafin ta ɗauki ciki.

Sanƙarau kuwa, ba sai an gaya wa ɗan Damagaram ba. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya nau'in A, amma nau'in A kaɗai take karewa. A 2015 sanƙarau, mafi yawansa nau'in C, ya kama mutum kusan 8,500 a Nijar, ya kashe 573. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙirga mutum 559 a jiharmu, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi jin jiki. Don haka wanda ya ce an yi masa ta sanƙarau, ki tambaye shi wace iri. Yanzu akwai mai kare nau'i biyar. Idan kamfe ya zo, ki miƙa naki damtsen kafin ki fara yi wa jama'a, musamman idan kina labo ko ɗakin gaggawa.

Ta ciwon shawara sau ɗaya ce a rayuwa. Ta mura da ta korona, idan sun samu ki karɓa. BCG, ta tarin fuka, ba a sake yi wa babba. Abin da ke kare ki a ɗakin masu tarin fuka shi ne tagogi a buɗe da takunkumin da ya kama fuska.

Yanzu marasa lafiya. Ba a tsayar da kowa a ƙofa a ce sai ya nuna karne kafin a duba shi, kuma ba a bin gadaje da sirinji ana yi wa kowa. Amma duk yaron da ya shigo, ko ƙuna ce ta kawo shi, ki ce wa uwar: "Inna, ina karnensa?" Ki duba da idonki. Jerin ba shi da wuyar riƙewa: BCG da ɗigon shan inna a haihuwa, Penta da abokan tafiyarta a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9, sai ƙyanda ta biyu a shekara ta biyu. Ita wannan ta ƙarshe ce aka fi bari, don da yaro ya fara tafiya uwa kan ɗauka an gama. Ki duba har na goyon da ke bayanta, wanda ba shi aka kawo ba. Yana kwana tare da ita a tabarma a tsakanin gadaje, yana shaƙar abin da kowa ke shaƙa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mayar da yaro gida don "ba shi da lafiya". Mura, tari, gudawa marar tsanani, ɗan zafin jiki, shan maganin ƙwayoyin cuta, duk ba sa hana rigakafi. Matar da ta taso daga ƙauye a kan amalanke ta bar gona da surfe, idan kika ce ta dawo mako mai zuwa, sai dai ki gan ta ranar da ƙyanda ta kwantar da yaron. Wanda jikinsa ya yi tsanani sosai, shi ake jira, amma jiran ya ƙare ranar sallama, kafin su ɗaure kayansu. Haka nan batun kwalba. Ta ƙyanda da ta shawara da BCG, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa 6 suke yi a zubar. Shi ya sa wasu ke ƙin buɗe kwalba mai cin mutum goma saboda yaro ɗaya. Ki buɗe. Asarar allura tara tana da sauƙin bayani a takarda.

Yaro mai tamowa ya fi kowa buƙata. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na Magarya a tsakiyar damina, lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro suka haɗu, ya san yadda gado ɗaya ke ɗaukar yaro fiye da ɗaya. A irin wannan cunkoso ana yi wa yaro allurar ƙyanda ranar da aka karɓe shi, tun daga wata 6, sannan a sake yi masa idan ya kai wata 9, don ta farkon ba ta shiga lissafi. Idan aka gano mai ƙyanda a ɗaki, waɗanda ba su da kariya a yi musu cikin awa 72. Sai dai ki lura da wanda aka ƙara wa jini: garkuwar da ke cikin jinin da aka ba shi tana iya kashe ƙarfin allurar ƙyanda na wata 3 ko fiye. Ki rubuta ranar ƙarin jinin a karne, likita ya sa ranar allura.

A ɗakin haihuwa abu biyu za ki riƙe. Td ta mai ciki guda biyar ce a jere: ranar awon farko, bayan mako 4, bayan wata 6, sannan shekara ɗaya-ɗaya har sau biyu. Ba a komawa farko a kowane ciki, ɗorawa ake yi, kuma wadda ta cika biyar ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta. Na biyu, jaririn uwar da ke ɗauke da ciwon hanta. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Jariri kuwa, 9 cikin 10 tana zama masa ta dindindin, ta jira shi da ƙanƙancewar hanta ko daji yana tsakiyar ƙarfinsa. Allura cikin awa 24 da haihuwa ce ke tare wannan hanya, jiran Penta ta mako 6 ya yi latti. A gwada uwa tun a awo, a tanadi allurar kafin naƙuda, ko da saye ne. Bakwaini kuma, da zarar ya daidaita, ana bin ranar haihuwarsa ne, ba a jira sai ya yi ƙiba.

A ɗakin gaggawa za ki ji ana ta rubuta SAT ga duk wanda hauya ta sara ko ƙusa ta soka. SAT aron garkuwa ne daga ciwon sarƙewar haƙora, ƴan makonni yake yi ya gushe, kuma da yake daga jinin doki ake samo shi, yana iya tayar wa wasu da jiki. Allurar Td ce ke koya wa jiki ya yi nasa. Mai ƙazamin rauni da ba a san tarihinsa ba, duka biyu ake yi masa, kowace a gefe daban da sirinji daban, a ba shi ranar dawowa. Wanda ya cika allurarsa kwanan nan, wankin rauni sosai ya ishe shi. Wanda ma ya yi ciwon sarƙewar haƙora Allah ya tashe shi, ciwon bai bar masa garkuwa ba, a fara masa allura kafin ya fita. Cizon kare kuma, wanki da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a tura shi neman allurar haukan kare a ranar.

Masu sikila saifarsu kan daina aiki tun suna ƙanana, don haka allurar ciwon huhu da ta sanƙarau da ta hanta ba ado ba ne a gare su. Wanda za a cire wa saifa, a yi masa mako biyu kafin tiyata, idan ta gaggawa ce mako biyu bayanta. Masu wankin ƙoda ninki biyu ake ba su na allurar hanta, a riƙa auna su duk shekara. Waɗanda ake kauce wa yi musu allura mai rayayyar ƙwaya, wato ƙyanda da shawara da BCG da ɗigon shan inna, su ne masu shan maganin daji da waɗanda sida ta raunana sosai. Wannan hukuncin likita ne, ba na ɗaliba ba. Ki tambaya. Kuma duk wanda kika yi wa, ya zauna minti 15 zuwa 30 a gabanki. Mummunan tashin jiki kusan sau ɗaya ne a allura miliyan, amma adirenalin ya kasance a kan tebur, ba a kulle a ofishin wanda ya tafi sallah ba.

Idan sayen taki za ki yi a farmasi, ki kula da hanya. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta. A zafin Afrilu da Mayu kowa rana yake tsoro, sai ya liƙa kwalbar a jikin ƙanƙara. Allurar hanta da Td da Penta kuwa daskarewa ce ke kashe su, kuma idan sun narke ido ba ya ganewa. Ki naɗe kwalin da takarda ko tsumma, ki sa shi a cikin kular sanyi yadda ba zai taɓa ƙanƙara ba, ki wuce kai tsaye inda za a yi miki. Kada ki kai ta firigon gida ta kwana, wuta ta ɗauke ta dawo. Idan akwai ɗan tambari a jikin kwalbar, murabba'in tsakiya ya fi da'irar da ke kewaye da shi haske. Idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, ki mayar. Wanda ya yi miki ya rubuta rana da sunan allura da lambar kwalba a karne, ya sa hannu da hatimi. Ki ɗauki hotonsa a waya, ki kuma sa ƙararrawar ranar ta uku tun yanzu, don lokacin kina tsakiyar aikin dare da jarrabawa.